Rabin Shafi a Cikin Rami

Matasan unguwarmu ta Romi da suka koyi kwamfuta sukan zo gaishe ni, kuma da hira ta yi nisa sai su tambayi aikin da na yi kafin ritaya. Idan na ce ni ne mai kula da shafin cikin gida na wata masana'anta, wato shafin da injiniyoyin kamfani kaɗai ke buɗewa, sai in ga murmushin ladabi a fuskokinsu. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba Ayuba, ai irin wannan kafin shayinka ya huce na haɗa maka shi." Ban yi masa musu ba, domin na san zai iya. Amma shafin da yake nufi na talla ne, wanda in ya lalace sai a yi tsaki a rufe. Namu kuwa mutum yakan riƙe shi a hannun hagu, hannunsa na dama yana kan ƙarfen da zai iya kashe shi. Saboda irin waɗannan matasa na zauna na rubuta abin da ke tafe.

Masana'antarmu tana kan hanyar Rido, man girki da sabulu take yi, kuma kusan kome a cikinta da tururi yake tafiya. Na shige ta ina saurayi da takardar kwalejin fasaha, aka kai ni ofishin zane ƙarƙashin wani dattijo mutumin Filato, Mista Dung. Aikina na farko shi ne kwafe zanen bututu a kan takarda mai shara-shara, da alƙalamin tawada, da magwaji, da reza ta kankare kuskure. Wata rana na kwafe zane na tsallake alamar bawul guda, wato abin da ake murɗawa a rufe bututu, ƙaramar alama ce da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Mista Dung bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki hularsa ya ce in biyo shi. Ya kai ni bakin ƙofar masana'anta, wurin wani maigadi da kowa ya san ba ya cire rigarsa mai dogon hannu ko ana tsananin zafi, ya roƙe shi ya nuna mini bayansa. Da can makaniki ne. Fatar bayan ta narke ta sake daskarewa kamar kyandir. Mista Dung ya ce, "Irin alamar da ka tsallake aka tsallake masa." Daga nan muka koma ofis, ya ba ni sabuwar takarda.

A wannan zamani na koyi abin da ya kamata duk mai wannan sana'a ya sani game da tururi. Wanda kuke gani fari yana tashi daga tukunyar tuwo ya riga ya huce. Mai kisan ba a ganinsa a bakin inda yake fita. Tsofaffin ma'aikata, in suna neman inda bututu ke yoyo, tsintsiya suke miƙawa gabansu suna tafiya a hankali, inda tsintsiyar ta tarwatse nan ne. Wanda bai taɓa ganin haka ba bai cancanci ya rubuta wa injiniya ko layi ɗaya ba.

Da kwamfuta ta shigo kamfani, ni aka ɗora wa mayar da zane-zane da takardun ƙa'idojin aiki cikinta, saboda ni na san inda kowace takarda take kwance. Na koyi rubuta shafi da hannu daga wani littafi mai kauri, harafi bayan harafi, ba kamar yanzu da ake jan akwati a ajiye ba. Kwamfutar da ke riƙe da shafin tana ƙarƙashin teburina, na sa mata fanka tata ta kanta da batir na ko-ta-kwana, kuma na hana kowa ajiye kofi a kusa da ita, har da Manaja. Shafin da na gina launin toka ne, ba shi da ado ko kaɗan. Kowace ƙa'idar aiki tana kan shafi guda mai tsawo, daga kanta har gindinta. Ban taɓa jin an yabi kyansa ba, ban kuma nemi yabon ba.

Masu amfani da shi kuwa, injiniyoyi, mutane ne masu wuyar sha'ani. Ba sa karanta gaisuwa, ba sa karanta sanarwa, yatsunsu da maiƙo, kuma kullum wani inji na jiransu. Na taɓa ɗauke wani maɓalli daga hagu na mayar da shi dama, domin na ga ya fi dacewa a can. Kafin azahar tawaga ta iso ofishina kamar masu zuwa biko, babbansu yana cewa, "Baba, wa ya mutu ne aka raba gadon shafin?" Na mayar da maɓallin inda yake. Tun ranar na gane cewa ba da ido suke amfani da shafin ba, da sabo suke amfani da shi, kuma sabon nan ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Daga baya kamfani ya saya musu kwamfutocin hannu, aka ja netwok ya game ofisoshi da farfajiya. Wuri guda ne bai kai ba. A ƙarƙashin ɗakin tukwanen tururi akwai wani ɗaki da muke kira Rami, inda manyan bututu ke haɗuwa kafin su rarrabu. Kankare ne mai kauri ta kowane gefe, ana sauka da matakala ta ƙarfe. Waya ba ta shiga, oba-oba ba ta shiga, kuma rurin famfuna ya sa sai da abin toshe kunne ake aiki a ciki. Kowa ya san haka, kamar yadda kowa ya san inda masai yake.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce ta kusa da ritayata. Kwamfutar ƙarƙashin teburina ta tsufa, tana ɗaukewa sau da yawa. A shekarar kuma aka kafa tukunyar tururi ta biyu, aka ja mata sabon reshe ya shiga babban bututun da ke cikin Rami, ta can sama, a bayan rufin da ake naɗe bututu da shi. Dole aka sake rubuta ƙa'idoji masu yawa, aka ƙara musu hotuna, suka yi tsawo, shafukan suka yi nauyi. Injiniya zai taɓa shafi ya tsaya yana kallon fari fat. Ƙorafi ya kai ga Manaja, aka yanke shawarar a sake fasalin shafin baki ɗaya, aka ɗauko wata matashiya mai suna Rifkatu domin mu yi aikin tare.

Ina so a fahimce ni a nan, domin na san tsofaffi da son ɗora wa yara laifi. Rifkatu ƙwararriya ce. Ta zauna da injiniyoyi ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su abin da ke damunsu, dukansu suka ce jinkiri. Ta ƙara girman rubutu saboda masu karatu a tsaye, ta faɗaɗa maɓallai saboda masu safar hannu, ta gyara wurin bincike har mutum ya rubuta lambar famfo kawai ya ga zanensa. Maganin jinkirin kuma da ta kawo dabara ce da ake amfani da ita a duniya duka. Maimakon shafi ya sauko gaba ɗaya, sai kansa ya fara saukowa nan take, sauran kuma ya riƙa zuwa yayin da mutum ke jan yatsa ƙasa. Muka gwada a ofishina, muka gwada a ɗakin taro gaban Manaja da shugabannin sassa, aka sha lemo, aka tafa. Shafin yana buɗewa kafin ka ɗage yatsa. Aka rufe tsohon, aka buɗe sabon a farkon mako.

Kwana kaɗan bayan haka, bayan hutun rana, Injiniya Danjuma ya leƙo ofishinmu. Shi ne shugaban masu gyara, mutum mai barkwanci, wanda ya daɗe a kamfanin har ya haddace yawancin ayyukansa.

Ya ce, "Baba Ayuba, yau dai na zo yabo, ka rubuta ranar. Madam Rifkatu, Allah ya ƙara basira. Ashe har surutun Baba kika rage mana?"

Na ce, "Wane surutu, Injiniya?"

"Dogon Turancin nan naka mana. Da safe na sauka Rami canza famfo, na ja shafin, kafin in ankara ya ƙare. Na ce kai, yarinyar nan ta yi abin da muka kasa, ta sa wa tsoho linzami."

Na ce, "Ba a cire ko wasali ɗaya ba. Buɗe mini in gani."

Ya buɗe a kwamfutarsa ta hannu, ya ja ƙasa, shafin ya yi ta zuwa har ƙarshe. Ya ɗaure fuska. Ya ce, "Wallahi ba haka yake a ƙasa ba. A nan ya tsaya," ya nuna tsakiya, "kuma tambarin kamfani na ƙarƙashinsa, kamar dai ya ƙare."

Rifkatu ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Oga Danjuma, ai babu netwok a Rami. Yaya kuke buɗe shafi a can?"

Ya ce, "Ba a can muke buɗewa ba. A bakin matakala ake buɗewa, a ga ya fito, sai a sauka da shi a buɗe. Haka muke yi tun da aka ba mu na'urorin nan. Kowa haka yake yi."

Babu wanda ya taɓa faɗa mana, domin babu wanda ya ɗauke shi abin faɗa. Tsohon shafin, da nauyinsa da muninsa, in ya sauko ya sauko duka, mutum ya tafi da shi ko'ina. Sabon kuwa kansa kaɗai yake ba ka a bakin matakala. In ka ja yatsa a cikin Rami, zai nemi sauran bai samu ba, sai ya yi shiru, ya nuna maka tambarin kamfani a ƙasa, tsaf, ba alamar an rage kome.

Rifkatu ta tambaya a hankali, "Akwai wanda ke ƙasa yanzu?"

Na ga launin fuskar Danjuma ya sauya. Ya ce, "Habila. Shi da Tanko. Na tura su su buɗe mahaɗin babban bututu."

Injiniya Habila bai daɗe da dawowa sashen gyara ba daga sashen sabulu, mutum ne mai bin ƙa'ida layi bayan layi, kuma saboda haka ne ma aka amince masa. Tanko makaniki ne, shi zai riƙe sifana. Ni na shigar da ƙa'idar tsare wannan bututu da hannuna, na san tsarinta. Rabin farko ya ce a rufe bawul ɗin tsohuwar tukunya, a sa kwaɗo, a zubar da abin da ya rage, a duba geji, wato ma'aunin ƙarfin tururi, ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya kai nan zai ga kamar aiki ya kammala, domin shekara da shekaru a nan yake kammala. Rabi na biyu shi ne sabon, na reshen tukunya ta biyu, wanda ke shigowa gaba da wancan bawul, inda tsohon gejin ba ya ganinsa. Tukunya ta biyu kuwa tana ci a wannan rana. Ina jin rurinta daga kujerata.

Danjuma ya fita da gudu, hular kwanonsa na kan teburina. Daga ofishinmu zuwa ɗakin tukwane sai an ratsa farfajiya duka, an zagaya tankunan mai. Na ɗauki wayar tebur na kira ɗakin kula da injuna, Malam Sani ya ɗauka.

Na ce, "Malam Sani, Ayuba ne. Ka kashe tukunya ta biyu yanzu. Akwai mutane a Rami za su buɗe bututu da tururi a ciki."

Ya ce, "Baba, da girmanka, amma ai ba a kashe tukunya da umarnin ofishin kwamfuta. Bari in nemi..."

Na ce, "Ka san ni tun kana ɗan koyo. Ka taɓa jin na ɗaga murya? To, ka ji yau. Kashe ta, in an tambaya ka ce ni ne."

Na ji ƙarar maɓalli. Sa'an nan ya ce, "Na kashe wutar, Baba, amma abin da ke cikin bututu yana nan, ba zai huce yanzu ba. Jiniya kuma ba za su ji ba, kunnuwansu a toshe."

Na ce, "Fitilun Ramin a hannunka suke. Kashe ka kunna, kashe ka kunna, kada ka daina."

Wannan tsohuwar alama ce ta zamanin Mista Dung, ma'anarta a ajiye kayan aiki a fito. Daga baya Habila ya gaya mini sun ga fitilun suna wasa. Tanko ya ɗaga kai ya yi tsaki, suka ɗauka janareto ake sauyawa kamar kullum, Habila ya kunna tocilan ya haska masa notin domin ya ci gaba.

Na fita, Rifkatu na gabana. Ni mutum ne da ban taɓa yarda a ga ina gudu a harabar kamfani ba, ko ana ruwa. Ranar na yi gudu da kwat da takalmin ofis, gwiwoyina na ƙara, direbobin tanka suna bina da kallo. Ina tafe ina kasa kunne. Na san irin ƙarar da nake jira, na taɓa jin ta sau ɗaya a rayuwata daga nesa, kuma duk takun da na yi ban ji ta ba sai in ce har yanzu suna da rai.

Ina shiga ɗakin tukwane na ji ta. Ba fashewa ba ce, wani siririn ihu ne na ƙarfe wanda ke shiga haƙori. Farin hayaƙi ya taso ta bakin matakala ya rufe fitilu. Rifkatu ta tsaya cik, hannayenta biyu a ka, tana kiran sunan Yesu. Na riƙe ƙarfen matakala, yana da ɗumi, na leƙa ban ga kome ba sai fari. Na kira Danjuma, na kira Habila, ko ni ban ji muryata ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sai na ga hannu ya kama matakala daga ƙasa, sa'an nan kai, Habila ne, sa'an nan Danjuma yana turo Tanko a gabansa.

Ga yadda abin ya kasance. Ko da Danjuma ya isa, Tanko ya riga ya sassauta notin da ke bayan bututu, ta gefen bango, kamar yadda ake koya wa kowane makaniki, yana ɗora sifana a kan na gaba. Danjuma ya finciko shi ta wuyan riga, a daidai lokacin mahaɗin ya buɗe baki. Tururin ya bugi bango ya dawo, ya sami Tanko a damtsen dama. Da ya kai ga notin da ke gabansa, a fuska da ƙirji zai same su duka biyu.

Aka zaunar da Tanko ana kwarara masa ruwa a hannu kafin motar asibiti ta iso. Habila ya zube a bakin matakala, jikinsa sharkaf, kwamfutar tana hannunsa har yanzu, ya ƙi sakinta. Yana ta maimaitawa, "Na bi shi duka, Oga. Na rantse na bi shi har ƙasa. Ku duba ku gani." Ya miƙo mana ita. A nan bakin matakala netwok ya kama, kuma muna kallo, mu huɗu, tambarin kamfani ya zame ƙasa, sauran shafin ya sauko da kansa. Layin farko da ya fito da jan rubutu yake, ni na rubuta shi: a dakata, kada a taɓa noti ko ɗaya sai an rufe reshen tukunya ta biyu. Habila ya karanta shi a fili, ya kife na'urar a ƙasa, ya juya ya yi amai.

Kafin a tashi aiki a ranar, Rifkatu ta cire dabarar daga kowace ƙa'ida, shafuka suka koma saukowa gaba ɗaya, da jinkirinsu. Babu injiniyan da ya sake ƙorafin jinkiri. Ita ce kuma ta kawo shawarar da na ɗauka mafi daraja a duk aikin. A gindin kowace ƙa'ida muka sa wani baƙin layi mai kauri da ke cewa nan ne ƙarshe, a kanta kuma muka rubuta cewa wanda bai ga baƙin layin ba kada ya fara aiki. Sa'an nan ni da ita muka sa hular kwano, muka sauka Rami da kwamfutar hannu, muka buɗe ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya a cikin zafi da ruri, har muka ga gindin kowace.

Tanko ya warke, ya dawo aiki da tabo daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Bai taɓa zuwa ofishina da wata magana ba, gaisuwa ce kawai in mun haɗu. Amma ya ɗauki wata ɗabi'a da ya riƙe har na bar kamfanin, kuma an ce mini makanikan da suka zo bayansa sun gaje ta. Kome girman injiniyan da ke tare da shi, kome saurin da ake yi, ba ya ɗora sifana a kan noti kai tsaye. Sai ya rataye ta a kafaɗa, ya miƙa hannu ya ce, "Oga, nuna mini ƙasan shafin tukuna."